Bidiyon Dala 4,500 da Kamfanin Dala Biliyan 1: Nazarin Lamarin Dollar Shave Club

A ranar Talata, 6 ga Maris na 2012, wani ƙaramin kamfani mai suna Dollar Shave Club da ke yankin Los Angeles ya ɗora bidiyo a YouTube. Tsawonsa minti ɗaya da rabi ne da 'yan daƙiƙoƙi, abin da ake tallatawa kuma reza ce ta aske gemu. Tun rana ba ta yi nisa ba shafin kamfanin ya durƙushe saboda turmutsitsin masu shiga. Duk da haka, cikin sa'o'i 48 na farko oda 12,000 ta shigo. Dala 4,500 kacal aka kashe wajen haɗa bidiyon. Bayan shekara huɗu da 'yan watanni, a Yulin 2016, Unilever ya saye kamfanin ɗungurungum, jaridu suka ruwaito cewa dala biliyan 1 ya biya.

Haka ake ba da labarin Dollar Shave Club a duk inda ake koyar da tallan da jama'a ke yaɗawa da kansu, kuma babu ƙarya a cikin alƙaluman. Inda ake yaudarar mai sauraro shi ne wajen jera su. A ajiye 4,500 a nan, a ajiye biliyan 1 a can, sai mutum ya ɗauka na farkon ne ya haifi na biyun, ya tashi ya tafi neman mai kyamara. Tsakanin lambobin nan biyu akwai sito, da kwantiragi da wata masana'anta a Koriya ta Kudu, da kuɗin masu zuba jari da suka haura dala miliyan 150, da shari'a a kotu, da tallan talabijin mai ɗan karen tsada. Bidiyon ya yi aiki, babu mai musun wannan. Abin dubawa shi ne wane aiki ya yi, kuma a ina ƙarfinsa ya tsaya.

Kasuwar da aka tarar

A lokacin, Gillette ke cin karensa babu babbaka a kasuwar reza ta Amurka. Kamfani ne da aka kafa tun 1901, Procter & Gamble ya saye shi a 2005 a kan dala biliyan 57, kuma a 2010 sama da kashi 70 cikin 100 na cinikin rezar maza a ƙasar nasa ne. Tsarin cinikinsa tsoho ne kuma sananne: a sayar maka da mariƙin reza da araha, a riƙa cin riba a kan kawunan da kake canjawa. Kan rezar wani kamfani ba ya shiga mariƙin wani, saboda haka duk wanda ya sayi mariƙi ya ɗaure kansa. Bayan 'yan shekaru sai a fito da sabon samfuri mai ƙarin wuƙa da ƙarin farashi. Mach3 mai wuƙa uku ta zo a 1998, Fusion mai biyar ta biyo a 2006, har da wadda ake sa wa batir tana karkarwa a hannu. Tallan kuwa sai manyan taurarin wasanni: ɗan wasan tanis Roger Federer, Tiger Woods da Thierry Henry sun taɓa fitowa tare a tallan Gillette.

Ga yadda abin yake a idon mai saye. Ya shiga kanti, ya nufi layin kayan aski, sai ya tarar kawunan rezar suna cikin akwatin roba a kulle, domin ƙanana ne, masu tsada, kuma ɓarayi na son su. Dole ya nemo ma'aikacin da ke riƙe da mabuɗi, ya tsaya yana jira ana kallonsa, sannan ya biya kuɗin da shi kansa ya san sun fi ƙarfin ɗan ƙarfe da roba. Da yawa sai su haƙura, su ci gaba da kankare fuska da dakusasshiyar reza har mako na shida. Kowa na jin haushin abin, amma haushi ne ƙarami, wanda bai kai a yi zanga-zanga a kansa ba, bai kuma kai a manta ba. A ganina wannan shi ne jarin farko na Dollar Shave Club, tun kafin a kunna kyamara: miliyoyin maza suna da ƙorafi iri ɗaya, babu wanda ya taɓa faɗa musu shi a bainar jama'a cikin raha.

Mutum biyu da sito cike da reza

A ƙarshen 2010 Michael Dubin ya haɗu da Mark Levine a wajen wata walima. Levine tsohon ɗan kasuwa ne da ya san harkar shigo da kaya, kuma yana da reza wajen 250,000 jibge a sito yana neman yadda zai rabu da su. Dubin kuma ba abin da ya haɗa shi da reza sai gemunsa. Amma tarihin aikinsa ne ya kamata mai nazari ya tsaya a kai, domin nan ne labarin "wani saurayi ya yi sa'a" ke fara warwarewa. Ya yi aiki a gidajen talabijin na NBC da MSNBC, ya yi harkar talla ta intanet a kamfanin mujallu na Time Inc. da mujallar Sports Illustrated, sannan a Los Angeles ya yi aiki a wani kamfani da sana'arsa kenan, wato tura bidiyon manyan kamfanoni inda za su yaɗu. Bayan wannan ya shafe shekaru a New York yana zuwa ajin dare a Upright Citizens Brigade, inda ake koyon barkwancin da ake ƙirƙira nan take a kan dandamali. Mutumin da ya tsaya gaban kyamara ranar nan ya san yadda ake saka dariya a daidai gaɓarta, ya kuma san hanyar da bidiyo ke bi daga shafi zuwa shafi.

An kafa kamfanin a 2011, aka fara gwaji daga ɗakin Dubin. Kafin bidiyon ya fito suna da kusan mutum 1,000 da ke biya duk wata. Adadin ba shi da yawa, amma ya isa a gane cewa mutane za su yarda su ba da lambar katin banki don a riƙa aiko musu da reza ta gidan waya, ya kuma isa a gyara farashi da shafi. Tayin da suka tsaya a kai kala uku ne: mai wuƙa biyu a kan dala 1 a wata, da ƙarin dala 2 kuɗin aike, mai wuƙa huɗu dala 6, mai shida dala 9. Mariƙi kyauta ne a aiken farko. Rezar kuma ba su ke ƙera ta ba. Kamfanin Dorco na Koriya ta Kudu ke yi, su nasu sa suna da aikawa.

Abin da ke cikin bidiyon

An ɗauki bidiyon a yini ɗaya, a watan Oktoban 2011, a cikin siton kamfanin. Lucia Aniello ce ta ba da umarni, abokiyar Dubin tun ajin barkwanci, wadda daga baya ta ci lambar yabo ta Emmy a harkar talabijin. Wannan kaɗai ya isa a gane cewa dala 4,500 farashin abota ne. Wanda zai je kasuwa ya ɗauko marubucin barkwanci da darakta da jarumi masu irin wannan ƙwarewa ba haka zai biya ba.

Yana farawa da Dubin zaune a tebur, ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan shafin, ya ce a kan dala ɗaya a wata za su kawo maka reza mai kyau har ƙofar gida. Duk wannan cikin daƙiƙa goma na farko. Wanda ya rufe bidiyon a nan ma ya riga ya ji wane ne, me ake sayarwa, nawa ne, ina za a je. Sai ya miƙe yana tafiya, ya tambayi kansa ko rezar tana da kyau, ya ce a'a, ya ɗan dakata, sannan ya yabe ta da wani ashar da aka rufe da ƙara. Daga nan kyamara ta bi shi cikin sito ba tsayawa. Ya ce rezar ba ta da haɗari ko a hannun yaro, sai ga wata 'yar ƙaramar yarinya tana aske kan wani ƙato, shi kuwa yana karatun littafinsa. Ya tambaya ko kana jin daɗin kashe dala 20 a wata a kan reza mai suna, alhali 19 daga ciki aljihun Roger Federer suke tafiya, ya ce shi ma ya iya tanis, aka jefo ƙwallo ya kai duka ya kuskure. Yana kan motar ɗaga kaya ya tambaya ko da gaske rezarka na bukatar mariƙi mai karkarwa da tocila da abin sosa baya da wuƙa goma, ya tuna maka cewa kakanka kyakkyawa wuƙa ɗaya ya yi amfani da ita, ga shi kuma ya yi fama da shan inna. Ya sa adda zai yanke salatif ya kasa. Ya jefa wa wani mai kayan dabbar beyar kwali, bai cafe ba. Ya tambayi wata ma'aikaciya me take yi a watan jiya, ta ce zaman banza, yanzu fa, ta ce aiki. A ƙarshe ga tutar Amurka, ga rawa, ga injin hura iska yana watsa takardun dala.

Idan aka cire dariyar aka duba ƙashin bayan rubutun, kusan kowace raha tana ɗauke da amsar wani kokwanto na mai saye. Mai cewa abu mai arha ba ya kyau, an ba shi amsa. Mai tambayar dalilin tsadar Gillette an nuna masa kuɗin taurari. Mai tunanin yawan wuƙa shi ne inganci an haɗa shi da kakansa. Mai mantuwa an ce masa za a riƙa aikowa ba sai ya tuna ba. Ko zancen ma'aikaciyar ba a banza ya shigo ba, domin a lokacin rashin aikin yi a Amurka ya haura kashi 8 cikin 100. Tallace-tallace masu ban dariya da yawa suna yaɗuwa, a gama dariya a rasa wanda zai tuna kayan wa ake tallatawa. A nan ba ka iya ba abokinka labarin rahar ba tare da ka ambaci farashin reza ba.

Akwai kuma batun wanda ake yi wa dariya. Dubin ne ke kuskure ƙwallo, shi ne adda ta gagara, sitonsa ne ba fenti ba ado. Gillette na nuna maka zakaran duniya mai santsin fuska a gaban madubi, shi kuma yana nuna maka kansa a matsayin wanda bai iya komai ba sai faɗin gaskiya game da farashi. Mai tura wa abokinsa wannan bidiyo ba ya jin cewa yana yi wa kamfani talla kyauta. Ji yake yana cewa, "ka ga abin da muke faɗa kullum." Shi kuwa ashar ɗin, ya dace da samarin Amurka da ake nufi, a shekarar da kamfanoni ba su saba magana haka ba. Ba shi ne sirrin ba, kuma waɗanda suka kwaikwayi wannan ɓangaren kaɗai sun tashi da ashar ba ciniki.

Watanni biyar a ajiye

Abin da aka fi tsallakewa a labarin shi ne tazarar da ke tsakanin Oktoba da Maris. Bidiyon na nan a hannu, amma ba a sake shi ba. Aikinsa na farko ma ba a gaban jama'a ya yi shi ba. Dubin ya riƙa nuna shi ga masu kuɗi. Kamfanin Science da ke Santa Monica, mai renon sababbin kamfanoni, wanda tsohon shugaban shafin sada zumunta na MySpace Michael Jones ke jagoranta, ya zuba dala 100,000. Daga nan aka tara dala miliyan 1 daga manyan masu zuba jari irin su Kleiner Perkins da Andreessen Horowitz.

Sai aka haɗa komai a rana ɗaya: sanarwar samun jarin, da sabon shafi, da bidiyon. An sanar da jaridun fasaha tun da wuri, su kuma duk labarin da ke ɗauke da sunan Kleiner Perkins ko Andreessen Horowitz abin bugawa ne a wajensu, ga kuma bidiyo da za su liƙa a cikin labarin. Ranar ta faɗo kwanaki kaɗan kafin taron South by Southwest da ake yi a Austin ta jihar Texas, inda 'yan jarida da masu harkar intanet ke haɗuwa suna neman abin zance. Wato mutanen farko da suka ga bidiyon su ne waɗanda kowannensu ke da dubban mabiya. Yaɗuwar bidiyo wutar kara ce, tana kamawa da sauri tana mutuwa da sauri, saboda haka sai da aka tara karan wuri ɗaya kafin a ƙyasta ashana.

Duk da wannan shiri an sha mamaki. Shafin ya kasa ɗaukar jama'a, kaya suka yi ƙaranci, aka koma tattara abokai ana manna adireshi a ambulan da hannu. Mutum nawa ne suka zo a sa'o'in da shafin ke kwance suka juya ba su dawo ba, wannan asara ce da ba ta shiga lissafin 12,000. Abin da ya cece su shi ne tsarin biyan wata-wata. Da reza ɗaya-ɗaya suke sayarwa, da cinikin ya tashi a mako na farko ya faɗi a na uku tare da zancen bidiyon. Amma wanda ya yi rajista cikin dariya a watan Maris, katinsa na ci gaba da biya a Afrilu da Mayu da Yuni, lokacin da ya daɗe da manta beyar da adda. Reza kuma abu ce da ke dakushewa, bukatarta ba ta ƙarewa, ga ta ba nauyi, tana shiga ambulan.

Lissafin da ba a cika yi ba

A raba dala 4,500 gida 12,000, kowane kwastoma ya tashi a kan ƙasa da santi 40. Wannan arha ce da babu tallan talabijin ko na jarida da zai kusance ta. Amma a juya lissafin ta ɗaya gefen. Ko da a ce dukkan mutum 12,000 ɗin sun zaɓi tsarin dala 9, cinikin wata bai wuce dala 108,000 ba, kafin a cire kuɗin Dorco da na gidan waya. Lokacin da Unilever ya zo saye, masu rajista sun kai miliyan 3.2. Mutanen kwana biyun farko ba su kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na wannan adadi ba. Gaskiya ne bidiyon ya ci gaba da jawo mutane tsawon shekaru, an kalle shi sama da sau miliyan 27. Amma hawan ciniki daga kusan dala miliyan 4 a 2012 zuwa miliyan 19 a 2013, miliyan 65 a 2014 da miliyan 152 a 2015 ya tafi kafaɗa da kafaɗa da wani hawan: jarin dala miliyan 9.8 a ƙarshen 2012 ƙarƙashin jagorancin kamfanin zuba jari na Venrock, miliyan 12 a 2013, miliyan 50 a 2014, miliyan 75 a 2015.

Ina kuɗin suka tafi? Kaso mai tsoka talla ya ci, irin tallan da ake biya. Daga 2014 kamfanin ya shiga talabijin sosai, da jerin tallace-tallace da ke tsokanar akwatin rezar nan da ake kullewa a kanti. A Fabrairun 2016 ya sayi fili a lokacin wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka da ake nunawa a talabijin, shekarar da daƙiƙa 30 ke kaiwa kusan dala miliyan 5. Wato ninki sama da 1,000 na kuɗin bidiyon da ya yi masa suna, kuma a dandalin da manyan da ya yi wa dariya ke baje kolinsu. Har ranar da aka sayar da shi kamfanin bai fara cin riba ba.

Sun gwada maimaita abin. A Yunin 2013 suka saki bidiyo na biyu, na takarda mai laima ta tsarki mai suna One Wipe Charlies, da Dubin ɗin dai, da salon raha iri ɗaya, har da beyar. An kalla, an yi dariya, amma bai kama ƙafar na farko ba. Mutane ɗaya ne, gwaninta ɗaya ce, kuɗi ma sun fi yawa. Abin da ya ɓace shi ne ba-zata, da kuma tsohon haushin da ke jiran mai faɗa. Babu wanda ya kwana yana jin haushin kamfanin takardar bayi.

A nan ya kamata a bambanta iri biyu na yaɗuwa, domin ana yawan cakuɗa su. Hotmail, wanda ya fara a Yulin 1996, ya liƙa layi ɗaya a ƙasan kowane imel da aka aika yana gayyatar mai karɓa ya buɗe nasa akwatin kyauta. Cikin wata 18 ya tara mutum miliyan 12, Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997. A can, amfani da kayan shi ne tallan: duk saƙon da aka aika gayyata ce, kuma ba ta tsayawa muddin ana aika saƙo. Reza kuwa a banɗaki ake amfani da ita, ƙofa a rufe. Babu wanda zai kalli haɓarka ya gane kamfanin da ya aske ta. Saboda haka yaɗuwar Dollar Shave Club a jikin bidiyon take, ba a jikin kayan ba, kuma da bidiyon ya gama zagayensa sai a koma biyan kuɗi a kan kowane sabon kwastoma kamar kowa.

Martanin manya da shigowar 'yan kwaikwayo

Hasken da ya nuna kamfanin ga masu saye ya nuna shi ga kowa. Ba a daɗe ba masu rubutu a intanet suka gano cewa rezar ta Dorco ce, kuma mai so zai iya saye kai tsaye daga Dorco da rahusa. Abin sha'awa, wannan bai kashe cinikin ba, domin yawancin masu rajistar sauƙi suke saye da kuma raha, ba ƙarfe kaɗai ba. Amma ya nuna cewa babu katangar da za ta hana wani yin irin wannan.

A 2013 wani kamfanin reza mai suna Harry's ya fito. Shi bai yi bidiyon barkwanci ba. Kafin buɗe shafinsa ya yi alkawarin kyautar kayan aski ga duk wanda ya gayyato abokai, kyautar tana ƙaruwa da yawan waɗanda ya kawo, ya tara adireshin imel kusan 100,000 a mako guda. A farkon 2014 kuma ya kashe dala miliyan 100 ya sayi masana'antar reza ta Feintechnik a Jamus, a 2016 ya shiga kantunan Target. Ɗaya ya mallaki murya, ɗayan ya mallaki injin da ke ƙera wuƙar. A 2019 Edgewell, mai rezar Schick, ya amince zai sayi Harry's a kan dala biliyan 1.37, sai hukumar kula da gasar kasuwanci ta Amurka ta shiga tsakani a Fabrairun 2020, cinikin ya rushe.

Gillette ya ɗauki lokaci kafin ya motsa, amma da ya motsa ta ko'ina ya zo. A 2015 ya buɗe nasa tsarin aike na wata-wata, ya sa masa suna Gillette Shave Club, abin da ya isa shaida cewa tsokanar ta shiga. A Disambar shekarar ya kai Dollar Shave Club ƙara a kotun tarayya da ke Delaware kan haƙƙin mallakar fasahar da ake shafe bakin reza da ita, shari'ar da aka sasanta a 2019. Zuwa 2016 kasonsa a kasuwar Amurka ya sauko zuwa kashi 54. A Afrilun 2017 ya yi abin da ba a san shi da shi ba, ya rage farashi, wasu kayan har da kashi 20 cikin 100. A 2019 Procter & Gamble ya zaftare dala biliyan 8 daga darajar Gillette a littattafan lissafinsa, ya ɗora laifin a kan canjin kuɗi, da sababbin abokan gasa, da kuma yayin barin gemu da ya rage yawan aski. Ba daidai ba ne a jingina duk wannan ga bidiyo ɗaya. Amma rage farashin ya taɓa Dollar Shave Club a inda ya fi ciwo: hujjarsa ta farko ita ce manya suna cutar ka, kuma duk lokacin da manya suka sauko, hujjar na rage kaifi.

Bayan ciniki

Ga Dubin da masu zuba jarin farko, cinikin 2016 riba ce tsagwaronta. Unilever ya biya kusan ninki biyar na cinikin da ake sa ran kamfanin zai yi a shekarar, wanda aka ƙiyasta zai haura dala miliyan 200. Abin da ya hango shi ne sunaye da adireshin maza miliyan uku da ɗoriya da zai iya sayar wa sabulu da man gashi da turare ba tare da ya bi ta kanti ba, da kuma ƙafar shiga kasuwar da babban abokin hamayyarsa, Procter & Gamble, ya yi kaka-gida.

Lissafin bai fito yadda aka zana ba. Wanda ya shigo don reza mai arha ba lallai ya so tarkacen kayan kwalliya ba. Kuɗin talla a Facebook da Google ya yi ta hawa saboda ɗaruruwan kamfanoni sun bi wannan hanya ta sayarwa kai tsaye, kowa na neman ido ɗaya. A 2021 kuma Apple ya sauya ƙa'idar bibiyar masu amfani da iPhone, abin da ya ƙara wahalar kai talla ga wanda ake nufi. A ƙarshen 2020 rezar Dollar Shave Club ta bayyana a kantunan Walmart, a kan layin da aka kafa kamfanin don a raba mutane da shi. Dubin ya sauka daga shugabanci a Janairun 2021. A farkon 2022 shugaban Unilever na lokacin, Alan Jope, ya faɗa wa masu hannun jari ƙarara cewa kamfanin bai ba da abin da aka zata ba, kuma lissafin sayarwa kai tsaye ya canja. A Oktoban 2023 Unilever ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga kamfanin zuba jari na Nexus Capital Management da ke Los Angeles, ya riƙe kashi 35 cikin 100. Ba a bayyana farashin ba.